Sanya Rai a Busasshen Dutse: Zuba Iri a Akwatin Murjani Ba Tare da Shigo da Maɓarnata Ba

Tsakure

Tun da ƙasashen da ke fitar da rayayyen dutse daga teku suka fara rufe ƙofa, masu kiwon murjani a akwatin gilashi suka koma ga busasshen dutse. Wannan dutse ba ya zuwa da maɓarnata, amma kuma ba ya zuwa da halittun da akwati ke rayuwa da su. Takardar nan ta duba yadda ake zuba masa iri, tun daga bakteriya har zuwa ƙananan halittun da ke zama a ramukansa. Matsayinta shi ne dutsen da aka bari fayau ba ya zama lafiya, kuma magani ba ya iya tace iri. Abubuwan da ke tacewa su ne ƙanƙantar irin da aka ɗauko, da duhu, da yunwa, da lokaci.

1.0 Gabatarwa



A shekarar 1961 wani mai kiwon kifi a Jakarta, Lee Chin Eng, ya wallafa bayanin yadda yake raya akwatinsa na ruwan gishiri ba tare da na'urar tace ruwa ba. Duwatsu yake ɗebowa daga teku da duk abin da ke jikinsu, ya jera su a akwati, ya sa kumfar iska tana motsa ruwan. A lokacin, ra'ayin da ya fi rinjaye a Turai da Amurka shi ne a kashe komai tukuna, a ƙawata akwati da fararen ƙasusuwan murjani da aka wanke da bilic, sannan a sa kifi. A shekarun 1970 Peter Wilkens da masu kiwo na birnin Berlin a Jamus suka haɗa irin wannan dutse da haske mai ƙarfi da na'urar da ke kwashe datti ta hanyar kumfa. Da wannan tsari aka fara riƙe murjani mai ƙashi a gida har ya girma.

Dutsen kansa ba shi da rai. Ƙasusuwan matattun murjani ne na alli, masu ramuka da yawa, ran kuwa yana ga waɗanda suka zauna a ciki da kansa: bakteriya, soso, tsutsotsi, ƙananan jatan lande, da gansakuka iri-iri. Kasuwarsa ta bunƙasa har ta kai ana fasa tudun murjani da ƙarfe don a cika kwalaye. Jihar Florida ta hana ɗibarsa a ruwanta a 1989, zuwa 1997 aka rufe ɗibar a ruwan gwamnatin tarayya da ke kewaye da ita. Fiji, wadda ta daɗe tana cikin manyan masu fitar da shi, ta sanar da haramci a watan Disamba na 2017, Indunusiya kuma ta dakatar da fitar da murjani daga 2018 zuwa farkon 2020. Ni ban ga abin kuka a wannan ba, domin dutsen da teku ta yi ɗaruruwan shekaru tana ginawa bai dace a kwashe shi don adon falo ba.

Abin da ya maye gurbinsa iri uku ne: tsohon dutsen murjani da ake haƙowa a tudu, kamar wanda Marco Rocks ke sayarwa daga Florida, dutsen teku da aka shanya ya bushe, da wanda ake ƙerawa a masana'anta. Dukkansu fanko suke. Tambayar takardar nan ita ce wa za a bari ya fara shiga, kuma ta wace ƙofa.

2.0 Abin da ke shigowa a maƙale

Sayen rayayyen dutse cinikin biri a sama ne. A 2009 ma'aikatan gidan kifi na Blue Reef da ke Newquay a Ingila suka rasa abin da ke yanka murjani yana raunata kifi a wani babban akwati. Sai da suka wargaza duwatsun ɗaya bayan ɗaya suka tarar da wata tsutsa mai muƙamuƙi, tsawonta ya haura mita ɗaya. Abin da suka fi zato shi ne tana ƙarama ta shigo cikin dutse, ta yi shekaru tana girma ba a sani ba.

Irin wannan labari ne ke jan hankali, amma ƙananan maɓarnata sun fi yin ɓarna. Ta gaba a cikinsu ita ce Aiptasia, wata 'yar animoni mai launin ruwan ƙasa da ake hango cikinta, wadda ke harbin duk murjanin da ke kusa da ita. Idan ta motsa sai ta bar ɗan guntun tsoka daga tafin da take maƙalewa da shi, kowane guntu kuma ya zama sabuwa. Shi ya sa wanda ya kankare ta a cikin akwati ƙara ta ya yi. Akwai gansakukar Valonia mai kama da koren ƙwallo, da Bryopsis mai gashin tsuntsu wadda yawancin masu kiwo a ruwa ba sa ci. Akwai katantanwa mai bututu da ke maƙale wuri ɗaya tana jefa ragar majina ta dami murjani. Akwai ƙaguwa mai baƙin bakin almakashi da ke cin tsoka da dare. Sannan akwai waɗanda abincinsu ɗaya ne tak, kamar shimfiɗaɗɗiyar tsutsar da Kate Rawlinson da abokan aikinta suka bayyana a 2011, wadda murjanin Acropora kaɗai take ci. Daga ƙarshe akwai cututtukan kifi, musamman Cryptocaryon irritans mai sa farin ƙuraje da Amyloodinium ocellatum mai toshe matsefin numfashi, waɗanda ke kwanciya a kan dutse da yashi cikin kwanson da ido ba ya gani.

Na jera su ne don a lura cewa kowanne yana da abin da ba zai rayu babu shi ba. Wani haske yake buƙata, wani kifi, wani murjani guda. A kan wannan za a gina hanyar tacewa.

3.0 Shirya dutsen

Busasshen dutse ma yana da nasa dattin. Wanda aka ɗebo daga teku aka shanya yana cike da gawar soso da tsutsotsi, da ya sha ruwa za su ruɓe. Ana jiƙa shi a ruwan bilic na kamar mako guda, a ɗauraye sosai, a sa maganin da ke kashe kulorin, a shanya har warin ya tafi. Wasu na bin bayan wannan da asid don ya cinye fatar dutsen. Duk mai yin haka ya yi a waje, da safar hannu da tabarau, kuma kada bilic da asid su taɓa haɗuwa, domin iskar kulorin da za su fitar tana kisa.

Matsalar da ta fi ɓoyuwa ita ce fosfet. Yana maƙalewa a jikin alli, idan kuma ruwan da ke kewaye ya kasance da ƙarancinsa sai dutsen ya riƙa sakinsa a hankali, wata da watanni. Gansakuka ce ke fara cin moriyar. Maganinsa a jiƙa dutsen a durom na ruwan gishiri da famfo yana juyawa, a riƙa aunawa, a riƙa canza ruwan ko a ɗiga sinadarin lantanam mai kama fosfet ya sauke shi ƙasa. Idan awo ya tsaya ƙasa da miligiram 0.1 a lita bayan an bar ruwan kwanaki, dutsen ya shirya. Ruwan da za a kwaɓa gishiri da shi ya zama tatacce sarai, saboda na famfo yana ɗauke da fosfet da silika.

4.0 Iri na farko: bakteriya

Kashin kifi da ragowar abinci suna komawa amoniya, ita kuwa guba ce. Wasu ƙwayoyin halitta ke mayar da ita naitirait, wasu su mayar da naitirait naitiret. Sergei Winogradsky ne ya fito da wannan aiki fili tun wajen 1890, kuma littattafan kiwon kifi sun yi shekaru suna cewa Nitrosomonas da Nitrobacter ne ke yin sa a akwati. A 1996 Timothy Hovanec da Edward DeLong suka bincika akwatuna da dabarun gano ƙwayoyin gado, ba su sami Nitrobacter ba; a 1998 Hovanec da abokansa suka nuna Nitrospira ce ke aikin a akwatunan ruwan daɗi. A 2005 kuma Martin Könneke da abokansa suka ware Nitrosopumilus maritimus daga wani akwatin ruwan gishiri a gidan kifi na Seattle. Wannan ma ba bakteriya ba ce, daga rukunin arkiya take, ga shi tana cin amoniya. Darasin da mai kiwo zai ɗauka shi ne ma'aikatan akwatinsa sun fi waɗanda aka rubuta a jikin kwalba yawa.

Duk da haka kwalbar tana da amfani, kuma ita ce ƙofar da ta fi kowace aminci, tun da a masana'anta ake renon abin da ke cikinta, babu kifi babu murjani. A cika akwati da ruwa mai gishiri giram 35 a kowace kilo, ɗumi digiri 25 zuwa 26, a zuba bakteriyar, a ɗiga amoniyam kulorayid har awo ya nuna miligiram 2 a lita. Idan akwatin ya iya cinye wannan adadi cikin awa 24, matakin farko ya kammala. Waɗannan ƙwayoyi ba su da saurin haihuwa, sukan ɗauki awoyi da yawa ko yini guda kafin su ninka, kuma haske mai ƙarfi yana danne su. A bar fitila a kashe. Naitirait bai kamata ya tayar da hankali ba, domin gishirin ruwan teku yana rage dafinsa ga kifi ƙwarai. Al'adar jefa kifi mai taurin rai a sabon akwati don kashinsa ya tayar da bakteriya zalunci ce da ba ta da dalili, ga shi kuma ta nan cuta ke fara shiga.

Akwai wani kuskure da ya kamata a tsaya a kansa. Mutum zai je wajen abokinsa ya ɗebo jarkar ruwan tsohon akwati, yana ganin ya samo iri. Masu cin amoniya a jikin abu suke zama, cikin santsin da ke lulluɓe dutse da yashi, kaɗan ne ke yawo a ruwa. Masu yawo a ruwa su ne 'ya'yan cututtukan kifi da ƙwayoyin gansakuka. Jarkar nan ta kawo haɗari mai yawa da amfani kaɗan.

5.0 Illar fili fayau

Da a nan aikin ya ƙare, da takardar ba ta da dalili. Abin da masu busasshen dutse suka sha gani shi ne awon amoniya ya yi kyau, a kunna fitila, sai akwati ya shiga abin da suke kira lokacin muni. Da farko ƙura mai launin ƙasa ta rufe yashi. Wannan dayatom ce, tana cin silika, idan ya ƙare ta wuce. Sai koren gashi, sai jan santsi. Mafi muni su ne dainofilajelet, irin su Ostreopsis da Amphidinium da Prorocentrum: majina mai launin ƙasa da ke jan zare da kumfa a kanta, ta ragu da dare ta dawo da hantsi. Wasunsu na da guba, katantanwar da ta ci su takan mutu.

Abin lura shi ne sun fi addabar akwatin da ya fi tsabta, wanda awon naitiret da fosfet ɗinsa ya sauka sifiri. Ba su buƙatar abinci mai yawa, suna iya iyo su nemi inda yake, wasu ma suna haɗa cin haske da cin wasu halittu. Idan abinci ya yanke, abokan gogayyarsu ne ke fara mutuwa, su kuma su gaje filin. Charles Elton ya kawo wannan tunani a littafinsa na 1958 kan mamayar dabbobi da tsirrai: wurin da halittu kaɗan ne a cikinsa ya fi saurin faɗawa hannun baƙo. Akwatin busasshen dutse da aka zuba wa bakteriyar kwalba kaɗai misali ne na irin wannan wuri.

Mai yin kindirmo ta san wannan. Tana dafa madara don ta kashe abin da ke ciki, amma ba ta barin ta haka. Idan ta huce sai ta zuba ɗan tsohon kindirmon da ta yarda da shi, shi zai riga masu ɓata madara kama wuri. Bilic da bushewa su ne dahuwar. Saura a samo tsohon da za a yarda da shi.

6.0 Tace iri

Iri na gaske daga akwatin da ya manyanta yake zuwa, ko daga dutsen da aka shuka a teku da izini, kamar yadda ake yi a gaɓar Florida: a zuba haƙaƙƙen dutse a wurin da hukuma ta ba da haya, a kwaso bayan shekaru. Wannan na biyu ya fi kowanne yawan halittu, kuma ya fi kowanne zuwa da ƙaguwa da jatan lande mai naushi. Ko daga ina ya fito, kada ya shiga babban akwati kai tsaye.

Sharaɗi na farko ƙanƙanta. Bakteriya da soso da ƙananan tsutsotsi suna nan a ɗan tsakuwar da bai wuce ƙwan kaza ba, kamar yadda suke a babban dutse. Babbar tsutsa da ƙaguwa kuwa sai da rami mai zurfi. Tsakuwa ana iya juya ta a tafin hannu a duba ko'ina da gilashin ƙara girma, ana iya fasa ta a ga cikinta. Cikin tafi biyu na tsakuwa daga wurare biyu ko uku ya fi min dutse guda mai nauyin kilo biyar. Wanda ya fi wannan aminci shi ne a ba mai tsohon akwati 'yan gutsattsarin busasshen dutsenka ko soson tace ruwa, ya ajiye a tankin ƙasa na akwatinsa inda haske ba ya kaiwa, ka karɓa bayan wata ɗaya ko biyu. A tambaye shi gaskiya: yana da Aiptasia? Yaushe rabon kifinsa da ciwo? Ya taɓa zuba maganin tagulla? Tagulla na maƙalewa a dutse, daga baya ta kashe murjani da katantanwa.

Sharaɗi na biyu duhu. A sa irin a ƙaramin akwatin killacewa ko bokiti mai murfi, da hita da ƙaramin famfo. Valonia da Bryopsis da koren gashi da haske suke rayuwa, makonni a duhu suna karya su. Bakteriya da soso da 'yan ƙwarin ruwa ba ruwansu, a duhu ma suka fi walwala. A riƙa jefa musu ƙwayar abincin kifi ɗaya ko biyu a mako don kada su mutu.

Sharaɗi na uku yunwa, kuma tare yake tafiya da na huɗu, wato lokaci. Cryptocaryon yana yin kwana uku zuwa bakwai a jikin kifi, ya sauka ya yi kwanso a kan dutse, ya rarrabu a ciki, sannan ɗaruruwan 'ya'ya su fito neman kifi. Wanda bai samu ba cikin kwana ɗaya ko biyu ya mutu. Yawancin kwanson suna fashewa cikin wata guda, amma Colorni da Burgess sun ambaci a 1997 cewa an ga wanda ya kai kwana 72. Daga nan masu kiwo suka ɗauki ƙa'idar kwana 76 babu kifi. Amyloodinium bai kai haka daɗewa ba, mako shida ake ba shi. Masu cin murjani guda kuwa, idan ƙwansu ya ƙyanƙyashe babu murjanin Acropora ko Montipora a wurin, yunwa ta gama da su tun kafin wa'adin ya cika. Wata biyu da rabi yana da tsawo ga wanda ya ƙagu ya ga kifi na iyo, na sani. Amma a wannan lokacin ne babban akwati ke jiƙa fosfet ɗinsa yana gina bakteriyarsa, saboda haka idan aka fara ayyukan biyu rana ɗaya kusan babu abin da aka yi asara.

Saura Aiptasia, wadda ta tsallake duk waɗannan. Idan haske ya ɗauke sai ta zubar da 'yan gansakukar da ke zaune a tsokarta, ta yi fari, ta ci gaba da kama abinci da hannuwanta. Wannan juriya ce ma ta sa masu binciken murjani ke kiwon ta a ɗakin gwaji. Ita sai ido. A jira awa biyu ko uku bayan ɗaki ya yi duhu, a kashe famfo ruwa ya kwanta, a haska tocila mai jan haske daga gefe. Za a ga 'yan ƙwarin ruwa kamar ƙwayar gero suna gudu a jikin gilashi, a ga siraran hannuwan tauraron teku sun leƙo daga rami suna lilo. Waɗannan alheri ne. Idan aka ga wani ɗan faranti bai kai ƙwayar wake ba, da siraran hannuwa a kewaye, aka taɓa shi da tsinke ya zuƙe cikin rami farat ɗaya, ita ce. Kada a yi mata allura, kada a kankare. A cire tsakuwar gaba ɗaya, tun da ƙarama ce ba a yi asarar komai ba. A nan amfanin ƙanƙanta ya fi fitowa. Zaren majina da ke tashi bayan an jefa abinci yana nuna inda katantanwa mai bututu take; a karye bututun daga gindi da filaya. Ƙarar ƙas-ƙas da dare kuma tana nufin akwai jatan lande a rami. Ana fito da irinsu ta tsoma tsakuwar na minti ɗaya a ruwan da gishirinsa ya fi na teku yawa, sai a zaɓi na mayarwa daga abin da ya fito.

Za a ce ai akwai masu cin Aiptasia: jatan lande na Lysmata, da Berghia wadda ba ta cin komai sai ita, da kifin Chelmon rostratus. Akwai su, kuma suna aiki wani lokaci. Sai dai Berghia na mutuwa da yunwa idan ta gama aikinta, Chelmon kuwa kifi ne mai wuyar ciyarwa da yakan rame ya mutu a hannun sabon mai kiwo. Ban ga adalci a sayo dabba don ta gyara abin da dubawar dare za ta hana ba.

7.0 Shigar da iri da kunna haske

Idan wa'adi ya cika, a sa tsakuwar a tankin ƙasa ko a cusa ta tsakanin duwatsu. A ƙara da 'yan ƙwarin ruwa na kwalba, irin su Tisbe da Tigriopus da Apocyclops, waɗanda ake reno a wurin da babu kifi. A zuba su da dare, a kashe na'urar kumfa na ɗan lokaci, a riƙa ba su koren ruwan Nannochloropsis ko Tetraselmis. Su riga kifi shiga da makonni, in ba haka ba abincin rana ɗaya ne.

Haske a ɗaga shi sannu a hankali, daga awoyi kaɗan. Kada a bar naitiret da fosfet su sauka sifiri. Naitiret tsakanin miligiram 2 zuwa 10 a lita da fosfet wajen 0.03 zuwa 0.1 sun wadatar. Katantanwa masu kiwo kamar Trochus su shigo da zarar kore ya fara bayyana, amma su ma sai sun yi nasu zaman killacewa, domin bayansu dutse ne mai tafiya.

Gansakukar alli, mai launin hoda da shunayya da ke lulluɓe dutse kamar fenti, ita ce alamar akwati ya kama hanya. Inda ta rufe, koren gashi ba ya samun wurin kamawa. A teku aikinta ya wuce haka: Heyward da Negri sun nuna a 1999 cewa sinadaran jikinta ne ke sa 'ya'yan murjani su sauka su zauna. Ba ta tsirowa daga babu, kuma dogon duhu yana raunata ta, don haka irinta daban ake kawowa. A kankaro ta da reza daga gilashin akwatin da aka yarda da shi, ko daga bayan katantanwar da ta gama killacewa, a niƙa, a kashe matata, a watsa a ruwa. Tana buƙatar kalsiyam wajen miligiram 420 a lita, maganiziyam wajen 1,300, da alkaliniti tsakanin 7 zuwa 9 a ma'aunin dKH, kuma rashin hawa da sauka ya fi adadin kansa muhimmanci. Ɗigon farko yakan bayyana ne a jikin famfo ko gilashi bayan wata biyu ko fiye.

8.0 Ƙofar da aka fi mantawa

Mutum zai yi duk wannan haƙuri, sannan ya sayo reshen murjani a kan ɗan gindinsa na siminti ya dasa rana ɗaya. Yawancin maɓarnatan da ke shiga akwatin busasshen dutse ta nan suke bi. Ruwan magani da ake tsoma murjani a ciki, irin su CoralRx da Revive ko aidin, yana kakkaɓe manyan tsutsotsi, amma ba ya kashe ƙwai, ba ya kashe Aiptasia, ba ya taɓa kwanson cutar kifi. A yanke murjanin daga tsohon gindinsa a jefar da gindin, a manna shi a sabo, a riƙa maimaita tsomawar duk mako a akwatin killacewa mai haske har ƙwan da ya ɓuya ya ƙyanƙyashe a kama shi.

A nan akwai gargaɗin da ya shafi ran mutum. Wasu murjani masu laushi na jinsin Palythoa suna ɗauke da guba mai suna falitoksin, ɗaya daga cikin mafi ƙarfi da aka sani. A 2015 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta wallafa rahoton mutanen da suka kwanta a Alaska tsakanin 2012 da 2014 bayan shaƙar ta a gidaje da shagunan kifi. Kada a dafa dutsen da ya taɓa zama a akwati, kada a zuba masa ruwan zafi, kada a goge shi da buroshi a busasshe cikin ɗaki. Tururin ne ke ɗaukar gubar zuwa huhu.

9.0 Abin da aka ƙi

Tsakuwar da aka cire da ruwan killacewa da gansakukar da aka tuge suna buƙatar makoma. A 1984 aka ga wani fili na Caulerpa taxifolia, gansakukar ado ta akwatin kifi, bai wuce murabba'in mita ɗaya ba, a ƙarƙashin gidan adana halittun teku na Monako. Zuwa shekarar 2000 ta rufe dubban hekta a gaɓar ƙasashe shida na Bahar Rum, kuma Alexandre Meinesz na Jami'ar Nis ya yi shekaru yana jan hankalin hukumomi a kanta. A wannan shekara ta 2000 ta ɓulla a tafkin Agua Hedionda da tashar Huntington a Kalifoniya. Can an yi saurin rufe ta da tamfol ana tura kulorin a ƙarƙashi, duk da haka sai 2006 aka sanar da kawar da ita, bayan an kashe kimanin dala miliyan 7.

Ga wanda ke zaune kusa da teku, magudanar ruwan titi hanya ce kai tsaye zuwa can. Gansakuka a ƙulle ta a leda, a sa a firiza na awa 24 ko fiye, sannan a jefa a shara. Ruwan killacewa a zuba masa bilic kafin a zubar. Tsakuwar da Aiptasia ta kama kuwa ba sai an yar da ita ba: a jiƙa ta a bilic, a ɗauraye, a shanya a rana, ta koma busasshen dutse da za a iya zuba wa iri a zagaye na gaba.